Shamakin da ke tsakanina da Alhaji a bizines kilas, wanda ya yi min da wanda bai yi ba

Ni ba mai yawan rubutu ba ce, amma tun da muka dawo daga Ingila matan layinmu a Malali suka hana ni sakat, wai Hajiya da gaske ne akwai gado a jirgi, wai da gaske ɗaki guda aka ba ku ke da Alhaji a sararin samaniya, har wata ta ce ta ji ana rufe ƙofa da makulli. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Babu makulli. Gado kuwa akwai, sai dai ba kowace kujerar bizines ce ke haɗa ki da mijinki ba, wata raba ku za ta yi fiye da yadda ikonomi ke rabawa, kuma kuɗin ku kun biya cif.

Sau biyu kacal na taɓa zama a gaban jirgi, kar wani ya ɗauka ko 'yar gayu ce ni, dukkansu kuma babban ɗanmu ne ya biya, Allah ya yi masa albarka. Na farkon tafiyar asibiti ce, Alhaji na fama da suga da hawan jini, yaron ya ce Baba ba zai zauna a takure awanni ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba don ba tonon silili na zo yi ba. Ya zaɓar mana kujeru biyun tsakiya, a taswirar da ya turo min a WhatsApp ga su nan manne da juna, na ce alhamdulillahi ga ni ga shi. Da muka shiga sai na ga wani abu daban. Tsarin shi ne kujera ɗaya a taga, biyu a tsakiya, ɗaya a ɗaya tagar, kuma duk a karkace suke kamar ƙayar kifi, su biyun tsakiyar ƙafafu ne ke dosar juna amma kawuna sun yi nesa, ni kaina na wajen hanyar hagu shi nasa na wajen hanyar dama, a tsakani ga teburi nawa ga nasa ga kuma wani allo da aka kafa. Na tura allon, ya ɗan matsa kamar tsawon tafin hannu ya tsaya. Na kira ma'aikaciyar jirgin na ce 'yata wannan ba ya sauka ne, ta yi murmushi ta ce iyakarsa kenan.

In ina son ganin fuskar Alhaji sai na sunkuyo gaba na leƙa kamar mai leƙen maƙota ta katanga, in na kwantar da kujera kuwa shikenan sai dai in ji minsharinsa. Ga ƙarar inji, ga abin kunne da ya toshe da shi, in ce Alhaji ka sha maganin, shiru, in ƙara ɗaga murya wani Bature a taga ya juyo yana kallona. Abin da ya fi ba ni haushi ma, tunda hanyarmu ba ɗaya ba ce, ma'aikaciyar da ke kawo min abinci daban tasa daban, na ce kar a ba shi kayan zaƙi ashe wadda na faɗa wa ba ita ke kula da shi ba, kafin in ankara mutumina ya gama da kek yana lashe cokali. Da dare da nake son duba shi sai da na kwance bel, na tashi, na bi hanya har gaba wajen da suke haɗa abinci, na zagayo ta ɗaya hanyar kafin na iso kansa, mutumin da ke kusa da ni da bai fi taku ɗaya ba. Shi ko a jikinsa wlh, da muka sauka cewa ya yi rabon da ya yi barci mai daɗi haka tun kafin ya yi aure. Na ce Allah ko, to madalla.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, wannan allon da na tsana, da ni kaɗai ce da na sa wa wanda ya ƙera shi albarka. Mace mai tafiya ita kaɗai, ace wani ƙato da ba muharraminki ba yana gefenki dare guda, kina son cire hijabi ki sassauta ɗankwali ki miƙe ƙafa, ai shamakin nan sutura ne. Don irin su aka yi shi, 'yan kasuwa da ma'aikata masu tafiya su kaɗai waɗanda ba sa son ganin kowa, su ne suka fi cika wajen. Ma'aurata ne ba a yi lissafi da su sosai ba a wannan tsarin.

Na biyun shi ne wannan da muka je bikin kammala karatun autarmu. Wannan karon na ce wa yaron ka ga, kar ka kuskura ka zaɓa min kujera sai na gani da idona, muka zauna a falo da kwamfutarsa muna duba hotuna ɗaya bayan ɗaya. Qatar Airways muka bi. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, mota zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe, daga nan Doha, daga Doha zuwa Landan wajen awa 7. A wannan zangon na Doha zuwa Landan ne muka samu tsarin kujerun bizines da suke kira Qsuite, wanda suka fito da shi a 2017, yana cikin jiragensu Boeing 777 da Airbus A350, ba dukka ba, don haka a duba kafin a biya.

Ga yadda abin yake, kuma nan ne mutane ke yin kuskure. Shi ma ɗaya ne, biyu, ɗaya, amma layukan tsakiyar iri biyu ne suna bin juna. A wani layin kujerun D da G ne, suna kallon gaba, kowacce ta matso bakin hanya, teburan ne a tsakaninsu, wato kun yi nesa. A layin da ke biye E da F ne, su a manne suke kafaɗa da kafaɗa, teburan sun koma ta waje, kuma baya suke kallo, wato kina zaune kin ba wa direban jirgin baya. To waɗannan E da F ɗin su ne na mata da miji. Allon da ke tsakaninsu yana sauka har ƙasa ya ɓace, ba irin wancan mai matsawa tafin hannu ba. In lokacin barci ya yi ma'aikatan su zo su kwantar da kujerun biyu, su shimfiɗa 'yar katifa, su kawo filo da bargo, sai ga gado na mutum biyu, kowa kuma yana da 'yar ƙofarsa mai zugewa ta wajen hanya.

Kar dai a zuzuta abin ya wuce yadda yake. Daga kai zuwa wajen gwiwa ne gadon yake haɗe, ƙafafu kowa da ramin da yake zura nasa a ƙarƙashin talabijin ɗinsa, akwai abin da ya raba. Ƙofar ma ba ta kai rufi ba, duk mai tsayi da ke wucewa in ya so zai hango ku ta sama, ma'aikatan ma haka suke duba fasinja, kuma lokacin tashi da sauka dole a bar ta a buɗe saboda ka'idar tsaro. Masu tunanin ɗakin amarya ne su sauke wannan tunanin, jirgi ne na jama'a. Ni abin da ya dame ni daban ne, kuma na same shi: na cire hijabina na ninke na bar ɗankwali, na yi sallata a zaune ba mai kallona, na miƙa hannu kawai na taɓa goshin Alhaji na ji ko da zazzaɓi, na ba shi magani a kan lokaci, na ga duk abin da aka ajiye masa a faranti. Da ya ce a kawo masa kayan zaƙi ina ji, na ce Alhaji ka ji tsoron Allah, ya ce Hajiya ko a sama ma ba za a bar mutum ya huta ba. Sai ya lallaɓa ya ɗago allon wai yana gwada yadda yake aiki, na mayar da shi ƙasa, haka muka yi ta yi kamar yara har ma'aikaciyar ta kasa riƙe dariya.

Abinci kuma ba wai lokaci ɗaya ake raba wa kowa ba, sanda kuka ga dama za ku ce a kawo, don haka muka ce a kawo mana tare, muka ci kamar a gida, yana ɗiba a nawa ina ɗiba a nasa. Ba a saka naman alade a abincinsu, halal ne, amma suna raba giya ga masu sha, in an zo da tiren maraba sai ki ce lemo kike so, akwai wani na lemun tsami da na'a-na'a da na sha har kofi uku.

Zaman kallon baya ne na ji wa tsoro tun a gida, don ni ko a jirgin Rigasa in kujerata ta juya baya kaina juyawa yake. A sama ban ji komai ba, sai lokacin da jirgin ke gudu zai ɗaga ne za ki ji kamar ana janyo ki gaba maimakon a manna ki da kujera, minti kaɗan ya wuce. Amma mai saurin jiri ya yi tunani. Wani abin kuma, a tsakiya babu taga, Alhaji mai son leƙen gajimare ne, sai da ya yi ta mita wai an hana shi ganin ikon Allah.

Akwai wani abin da ya ba ni dariya. Tunda E da F na kallon baya, D da G na layin da ke kusa na kallon gaba, ana iya zuge allunan da talabijin ke jiki sai kujeru huɗu su koma suna fuskantar juna kamar ƙaramin falo, don iyali ko abokan kasuwanci. Da ma'aikaciyar ke mana bayani sai na ga idon Alhaji ya yi haske, ya ce ashe har da masu mata uku aka yi lissafi. Na ce to ka fara biyan na ɗaya da aljihunka tukuna.

Da na zauna na yi tunani, tsohon tsarin nan na biyu, biyu, biyu da ake rainawa yanzu ya fi wasu sabbin daɗi ga ma'aurata. Na tuna 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja sati 6 ana gyaran titinsa aka dawo da jirage nan Kaduna, Ethiopian ta riƙa sauka a filinmu na hanyar Mando, na bi su sau ɗaya sarin kaya, ikonomi na zauna amma ta gaba muka wuce na ga kujerun bibbiyu gefe da gefe, wani dattijo da matarsa suna hira abinsu ga taga a gefensu. Illarsa na taga sai ya tsallake ƙafar na kusa da shi kafin ya je bayi, in mijinki ne ba komai, in baƙo ne kuwa akwai kunya. British Airways su kuma tun 2000 da suka kawo kujera mai zama gado a bizines suka yi nasu ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, fuska na kallon fuska, da ɗan allo mai hawa da sauka a tsakani, ga mata da miji hira har a gaji, ga baƙi biyu kuwa sai kallon kallo kafin a ɗaga allon. A 2019 suka fito da sabo mai ƙofa, Club Suite, shi kuma irin na ƙayar kifin nan ne.

Don haka wadda mijinta zai kai ta, ko ɗanta zai biya mata, dan Allah kar ki tsaya a kalmar bizines kawai. Ki sa a buɗe miki taswirar kujerun wannan jirgin na wannan ranar, ki tambaya allon tsakiya yana sauka duka ko rabi ko kafaffe ne, kujerun manne suke ko teburi ne a tsakani. A kama su da wuri don 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, kuma a sake dubawa ana gobe tafiya, saboda kowane kamfani na iya canza jirgi, in an canza kuwa lambar kujerar na nan amma kujerar ta zama wata. In ba a samu manne ba, wasu sun fi son kujeru biyu da hanya ɗaya ta raba, ɗaya a taga ɗaya a tsakiya, aƙalla ma'aikaciyarku ɗaya kuma ba sai kin zaga jirgi ba.

In maki zan bayar, E da F na Qsuite 9 cikin 10, ɗayan da na rage na tagar Alhaji ne. Wancan na tafiyar asibiti 4 in da miji, 8 in ke kaɗai ce. Kuɗin dai miliyoyi ne, da yaron ya faɗa min sai da na dafe ƙirji na ce wannan ai an sayi fili a Rigachikun, ni da aljihuna ikonomi zan koma in sa kaina a kafaɗar Alhaji kyauta. Shi kuwa tun a jirgin ƙasa muna dawowa, wajen Rijana, na ji yana waya da yaron ƙasa ƙasa wai in za a je Umara a nemo masa irin ta farkon nan mai allon da ba ya sauka.