Baƙar leda ko tukunyar ƙasa: wacce ta fi kare saiwar fure daga zafi?

Hajiya, kin tambayi dalilin da ya sa furannin da kike reno a rumfar leda a unguwar Madina ta Accra suke yaushi da azahar alhali ƙasarsu a jiƙe take, da kuma ko gara ki bar baƙar leda ki koma tukunyar ƙasa. A ganina ciwon a saiwa yake.

Yawancin furannin ado, irin su wardi, saiwarsu ta fi girma tsakanin digiri 18 da 25. Idan zafin ya wuce 30 girman yakan ragu, idan kuma ya haura 40 ƙananan jijiyoyin da ke shan ruwa sukan fara mutuwa. A Accra kuwa, daga Fabrairu zuwa Afrilu, iskar waje ma tana kai digiri 32 da rana, balle cikin rumfa.

Baƙar leda tana zuƙar rana, musamman gefen da ke kallon yamma, inda zafin ƙasar kan iya wuce 45. Ki zare tsiro ɗaya daga ledarsa ki duba, sau da yawa za ki tarar saiwoyin wannan gefen sun dafe sun yi laushi, na gefen inuwa kuma fari fat. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, alhali saiwar da ta ji zafi ta fi buƙatarta, ga kuma cutar Pythium mai ruɓar da saiwa, wadda wasu nau'o'inta suka fi yaɗuwa inda zafi ya haɗu da laima. Shi ya sa ƙarin ban ruwa alhali ƙasar a jiƙe take yakan ƙara ta'azzara lamarin.

Tukunyar ƙasa aikin randa take yi, domin ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi, zafin yana tafiya tare da shi. Sai dai ƙasar cikinta tana saurin bushewa, kuma ga mai sayen ruwan tanka wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Tana da nauyi, tana fashewa, sanyayawarta kuma takan ragu da damina idan iska ta cika da danshi.

Ni dai zan zaɓi tukunya ga furannin da za su daɗe a rumfa. Ƙananan dashen sayarwa kuwa su zauna a ledarsu, amma ki ɗaga su daga kan siminti, ki jera su kusa da juna don su yi wa juna inuwa, sannan ki kare layin yamma da farin buhu.