Wata huɗu ina gyara tashin 'yan gudu da manhajar Kinovea

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Kaduna, kuma ni ke horar da yaran da ke gudun mita 100. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tashi. Yaro yana da sauri, amma kafin taku biyar an wuce shi, ya ƙare tseren yana bin ƙurar waɗanda bai kamata su riga shi ba. Wani abokin aikina ne ya nuna mini Kinovea, manhajar kwamfuta da ake saukewa kyauta, wadda ake bin bidiyon ɗan wasa da ita hoto bayan hoto.

Kayan aikin ba su da yawa: waya, mariƙinta mai ƙafa uku, da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows, domin a kanta manhajar ke aiki. Matokaran ƙafa kuwa, wato abin da ɗan gudu ke tokare ƙafafunsa a kai lokacin tashi, kafinta ya haɗa mana da katako. Nakan ajiye wayar a gefen yaro, daidai tsayin ƙugunsa, ta fuskance shi sak. Idan ta karkace ko kaɗan, duk awon da za a yi ya tashi a banza. Kuma sai an ɗauka da tsarin nan mai jan lokaci, hoto 240 a daƙiƙa ɗaya. Bidiyon yau da kullum hoto 30 ne kawai, ƙafar yaro takan bar katako tsakanin hoto da hoto ba ka gani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aunin kusurwa. Za ka tsayar da bidiyon a lokacin da yaro ya ɗaga ƙugu yana jiran a ba da alamar tashi, ka ɗora ɗigo uku, ɗaya a ƙugu, ɗaya a gwiwa, ɗaya a idon sawu, nan take lamba ta fito. Abin da masu horarwa ke nema shi ne gwiwar gaba ta kai wajen digiri 90, ta baya tsakanin 120 da 135, ƙugu ya ɗan ɗara kafaɗa tsayi. Yawancin yarana a dunƙule suke zama, sun matso da katako dab da layi. Da muka mayar da na gaba tsawon tafin ƙafa biyu daga layi, na baya uku, zaman nasu ya buɗe.

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da na yi zango guda ina ce wa tana miƙewa da wuri. Kullum amsarta ɗaya: "Malam, wallahi a sunkuye nake." Ranar da na zaunar da ita gaban kwamfuta a inuwar darbejiya, muka bi takunta ɗaya bayan ɗaya, ta ga kanta a taku na biyu ta miƙe ƙyam, haɓa sama, idonta a kan layin ƙarshe. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe haka nake yi?" Bayan mako uku na jera tsohon bidiyon da sabon gefe da gefe, abin da manhajar ke yi cikin sauƙi. Bayanta ya kwanta, kanta ya bi layin bayan, tana tura ƙasa baya da ƙarfi. Na yi farin ciki ƙwarai a ranar.

Saurin amsa ƙarar bindigar tashi ma muna aunawa. Da yake ba mu da bindiga, wasu 'yan katako biyu nake sa a tafa a cikin hoton, in fara ƙirga daga inda suka haɗu. Sai dai a tuna a shaida wa manhajar yawan hotunan da aka ɗauka a daƙiƙa, in ba haka ba agogonta ba zai ba da lissafi daidai ba. A nan nake koya musu cewa a dokar hukumar wasannin guje-guje ta duniya, wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan harbi ya yi satar tashi, kuma tun 2010 sau ɗaya ya isa a kore shi. Labarin Usain Bolt da aka fitar a wasan ƙarshe na mita 100 a Daegu a 2011 yakan sa su natsu.

Wahalar da na sha daga wajena take. Da farko nakan jero wa yaro gyara huɗu a zama ɗaya, ya koma layi jikinsa a sandare yana tunani. Yanzu abu ɗaya tak nake ba shi a mako. Hazon hunturu da duhun yamma suna dusashe hoto, shi ya sa muka koma ɗauka da hantsi. Dogon wando mai faɗi ma yana ɓoye gwiwa, don haka nake liƙa farin salatif a daidai gaɓar.

Malamin da ke da waya mai ɗaukar irin wannan bidiyo ya gwada wannan manhaja. Ya fara da yara biyu ko uku, domin duba na mutum ɗaya da kyau yakan ci mini kusan minti ashirin.