Wace kyamara za ka saya don ɗaukar sawun taurari a Kebbi?

Hoton sawun taurari, wato layukan haske da taurari ke bari a hoto yayin da suke zagaya sama, batir yake ci, sannan ya ci haƙurin mai shi. Taurari na zagaya digiri 15 ne a awa ɗaya, don haka sai kyamara ta yi kamar awa biyu tana aiki kafin layukan su yi tsawo. Hotuna ne na daƙiƙa 30 kowanne, wajen 240, ka haɗa su su zama hoto ɗaya da manhajar StarStaX a kwamfuta. A Birnin Kebbi da Argungu tauraron arewa digiri 12 da ɗoriya kawai yake sama da doron ƙasa, shi ya sa da'irar da taurari ke yi kewaye da shi ke fitowa ƙasa-ƙasa, daidai kan giginya ko bakin gulbi.

Ni Nikon D5300 ta hannu nake ba kowa shawara. Tun 2013 ta fito, amma megafiksel 24 gare ta, kuma tana da agogon ɗaukar hoto a kai a kai a cikinta: ka saita, ka koma tabarma. Allonta yana juyawa, ba sai ka kwanta a ƙasa ba in ka ɗaga ta sama. Gilashin 18-55 da take zuwa da shi ya isa. Buɗe ƙofar haskensa zuwa f/3.5, ka sa ISO, wato ƙarfin ɗaukar haske, a 800. Canon 700D ba ta da wannan agogon, sai ka sayi rimot daban. Sony A6000 batirinta ƙarami ne. Waya kuwa zafi take yi.

Inda ake cutar mutane shi ne batir. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da EN-EL14a, batirin D5300, a kwali mai kyau, ya rantse na asali ne, bai kai rabin aikin ba ya mutu, layukan suka yanke. Jabu bai kai na asali nauyi a hannu ba, rubutunsa dishi-dishi, daga baya ya kumbura ya maƙale. Katin memori ma haka: an rubuta 64GB, cikinsa bai kai ba, hotunan ƙarshe su lalace. Gwada shi da H2testw, manhajar kwamfuta mai auna ainihin girman kati. Kyamarar ma a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka kafin ka biya, kar ka yarda da "sabuwa ce fil".

Ka saya kafin ƙarshen damina, don Oktoba da Nuwamba ne sama ke garau, kafin hazon hunturu ya rufe taurari.