Umara haɗe da yawon buɗe ido: abin da ke cikin tsarin da 'yan jirgin yawo ke tallatawa a Katsina

Ofisoshin jirgin yawo a cikin garin Katsina sun fara ƙara wani abu a takardar tallarsu ta Umara. Bayan biza da tikiti da masauki, sai ka ga an rubuta Ɗa'if, jirgin ƙasa na Haramain, wani lokaci har da AlUla. Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne sauyin da Saudiyya ta yi: a 2019 ta fara ba da bizar yawon buɗe ido, ta kuma yarda mai bizar Umara ya zaga sauran garuruwan ƙasar, ba Makka da Madina da Jidda kaɗai ba. Tsarin yana da kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake raba kwanakin, domin da yawan masu shirya shi suna lissafi kamar Saudiyya 'yar ƙaramar ƙasa ce.

Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 2.15, wato ta ninka Nijeriya sau biyu har da ɗoriya, kuma babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara a cikinta. Makka da Jidda suna ƙasa-ƙasa ta wajen Bahar Maliya, inda zafi ke haura digiri 40 a lokacin bazararsu. Daga nan duwatsun Sarawat suka miƙe, Ɗa'if na can samansu. AlUla kuwa tana arewa da Madina, cikin wani kwari mai dabino tsakanin jajayen duwatsu. Wanda bai riƙe wannan taswira a ka ba, za a sayar masa da tafiyar da rabinta a kujerar mota za ta ƙare.

Jirgin ƙasan shi ne abin da ya fi cancantar kuɗinsa a duk tsarin. An buɗe shi a 2018, tsawon layin kilomita 450 ne, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, tashoshinsa biyar: Makka, Jidda, filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi, sai Madina. Tafiyar Makka zuwa Madina da bas ke ci awa biyar zuwa shida, shi a ƙasa da awa biyu da rabi ya gama ta. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai dai wurare biyu ake tuntuɓe. Na farko kaya. Ƙa'idar ita ce babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, da 'yar ƙarama ta hannu, kuma akwai iyakar girma. Hajiyar da ta gama tsarabar dabino da abaya da dardumar salla a Madina ta ƙulle su a Gana-mas-go biyu, a bakin ƙofa za a tsayar da ita. Kamfanin da ya san aikinsa yakan tura kayan a mota tun da dare, mutane su bi jirgi da jakar hannu. A tambaya ko wannan na cikin kuɗin. Na biyu harami. In daga Madina za a nufi Makka, jirgin ba ya tsayawa a mikatin Zul Hulaifa da ake kira Abyar Ali. Wanka da ɗaura harami a masauki ake yin su, niyya kuma jim kaɗan bayan tashi, don da irin wannan gudu kafin mutum ya gama gyara zama an wuce. Tawagar da ba ta da malami ko jagora mai tunatarwa, a nan ake jawo wa mutane fidiya. A kuma sani tashoshin ba a jikin Harami suke ba. Ta Makka tana unguwar Rusaifa, sai an hau mota.

Ɗa'if ma ba ta da laifi. Tana wajen kilomita 90 daga Makka, a tsayin kusan mita 1,800, shi ya sa iskarta ke da sanyi a ranar da Makka ke tafasa. Ana fita bayan asuba a dawo kafin isha'i ba tare da wahala ba. Akwai masallacin Abdullahi ɗan Abbas, akwai gonakin wardi da ake tsinka a watannin Maris da Afrilu a dafa a fitar da turare, akwai kuma hanyar Al-Hada mai lanƙwasa kamar maciji, inda gwaggon birai ke zaune a gefen titi suna jiran a miƙo ayaba. Kar a buɗe gilashi da leda a hannu. Mai son ƙara Umara sai ya ce a dawo da shi ta Sailul Kabir, wato mikatin Ƙarnul Manazil, ya tafi da haraminsa a jaka. In direba ya tsara komowa ta wata hanya, a daidaita da shi tun kafin a bar Makka.

AlUla ce ke buƙatar a zauna a yi magana. Daga Madina kilomita 330 ne ko kusa da haka, kamar mutum ya bar Ƙofar Ƙaura ya je Kano ya juyo, sannan a ce a ranar zai sake maimaita wannan tafiya don komawa. Awa bakwai zuwa takwas ke nan a hanya. Wurin da ake zuwa dominsa, Hijir ko Mada'in Salih, yana gaba da garin da kusan kilomita 20, kuma ba a shiga kara zube: tikiti ne mai lokaci, a motar hukumar wurin, tare da mai bayani. Hukumar Masarauta ta AlUla da aka kafa a 2017 ce ke riƙe da yankin, ba ta san "Alhaji a taimaka" ba. In an makara, tikiti ya tafi. Don haka duk takardar da aka rubuta "AlUla, yini ɗaya" a kai, a tambayi ejan ko tikitin Hijir na ciki da ƙarfe nawa ne. Sau da yawa abin da ake nufi shi ne a tsaya a Dutsen Giwa, wani dutse mai tsayin mita 52 da iska ta sassaƙe shi kamar giwa ta sa hanci a ƙasa, a ɗauki hoto, a juyo.

Wurin kansa ya isa kallo. Kaburbura fiye da 100 ne Nabaɗawa, mutanen da suka gina Petra ta Jodan, suka fafe a jikin duwatsu shekaru kusan 2,000 da suka wuce, kuma shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 2008. A kabarin da ake kira Ƙasrul Farid, wanda ke tsaye shi kaɗai a fili, saman ya sha gyara sumul, ƙasan kuwa har yau da sawun kurfi, alamar daga sama suke fara sassaƙa su gangaro. Tsohon garin AlUla na tubalin ƙasa ne da lunguna matsattsu. Bakatsinen da ya san cikin gari wajen Gobarau ba zai ji baƙunta ba. Kwana ɗaya a can shi ne mafi ƙaranci, masauki kuma da tsada. Daga Disamba zuwa Fabrairu daren wurin ya fi hunturun Daura cizo, a tafi da rigar sanyi ta gaske.

Akwai kuma abin da takardar talla ba ta faɗa. Hijir ita ce ake dangantawa da Samudawa, mutanen Annabi Salihu, kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa da Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin a tafiyar Tabuka ya hana shiga gidajensu sai ana kuka. Malamai suna da bayani a kan ziyarar izina da ta shaƙatawa. Hakkin kamfani ne ya faɗa wa mutum wannan tun a Katsina, ya ba shi damar tambayar malaminsa, ya kuma cire masa kuɗin wannan ɓangare in ya ce ba ya so.

Saudiyya ƙasar sarauta ce tun haɗe ta a 1932. Sarki Salman ke kan gado tun 2015, Yarima Muhammad bin Salman shi ne magaji tun 2017, firaminista kuma tun 2022, larduna 13 kowanne da amirinsa, 'yan majalisar Shura 150 kuma naɗa su ake yi. Amfanin sanin wannan ga matafiyi shi ne doka daga sama take saukowa, tana iya sauyawa tsakanin Umarar bara da ta bana, kuma ba a ciniki da askar, wato jami'an tsaronsu. Ɗaukar hoton mutane ba izini ko na ginin gwamnati laifi ne. Goro a bar shi gida. Wuce wa'adin biza tara ce da kora. Shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, kuma a waya ake nuna shi, saboda haka ejan ya saka wa dattawa tun kafin a kama hanyar filin jirgin Malam Aminu Kano, tare da duba katin rigakafin shawara da sanƙarau.

In mako biyu ne, a karɓi jirgin ƙasa da Ɗa'if ba tare da dogon tunani ba. AlUla kuwa sai in an rubuta kwana, da sunan masauki, da lokacin tikiti a rasit. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kowace ɗaya, don haka a nemi a rubuta kuɗin kowane ɓangare da riyal daban-daban kafin a mayar da shi naira.