Tuwon shinkafa da miyar kifin da na ci a wani gungu kusa da Yauri

Satin da ya wuce na raka yayata Yauri sarin busasshen kifi, sana'arta kenan tun da daɗewa, kuma ita ba ta tsayawa kasuwar Yelwa, kwalekwale take shiga ta tsallaka gungu, wato tsibiri, wajen masu bandar da kansu. To a can na ci abincin da har yau ban daina zancensa ba.

Kada ku zaci gidan abinci ne mai allo da kujerun roba. Gida ne kawai na iyali, an kewaye shi da zana, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna take dafa wa fataken kifi abinci su biya. Muna shiga aka shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin rumfa, maigidan na gefe yana ɗinkin koma, surukarta na juya kifi a kan banda hayaƙi na tashi, yara an dawo daga makarantar allo kowa ya zo ya durƙusa ya gaishe mu. Na ce Inna me ake da shi yau? Ta ce "'yata, sai abin da ruwa ya bayar." Ranar kuwa tarwaɗa ya bayar da karfasa.

A gabana aka yi komai. Tarwaɗar da ranta aka ɗauko ta daga cikin daro, ta zuba mata toka ta murje yauƙin tas, ta ɗauraye ta yanka gunduwa-gunduwa. Tukunyar ƙasa a kan murhun duwatsu uku, albasa mai yawan gaske (Gungawa, mutanen gungu, dama an san su da noman albasa, ba saye suke ba), tattasai da attarugu da aka jajjaga a turmi, daddawa, ɗan man gyaɗa kaɗan. Abin da ya fi burge ni, tunda ta saka kifin ba ta ƙara sa ludayi a tukunyar nan ba, sai dai ta kama bakinta da tsumma ta girgiza a hankali, wai kar kifin ya dagargaje. Wallahi haka ya fito kowace gunduwa a tsaye, romon ya yi kauri, ba ƙarni ko kaɗan. Tuwon kuma shinkafa ce 'yar gida, ta tuƙu da muciya har tana danƙo, aka kwaso da mara cikin akushi. Ni da ba na gama malmala biyu sai ga shi na nemi ƙari.

Muna ci maigidan yake ba mu labari cewa gungun da aka haife shi yana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tashe su yana yaro. Ya nuna wajen da hannu, ni ruwa kawai na gani, jikina ya yi sanyi gaskiya.

Kuɗin da muka biya mu biyu bai kai na faranti ɗaya a gidan abinci a Birnin Kebbi ba, kuma da zamu tafi ta ƙulle mana albasa a leda ta ce mu kai wa yara.

Amma akwai abin da ya kamata ku sani. Sai kun yi haƙurin jira, mun kusa awa biyu kafin a sauke don ba a ajiye dafaffe. Ruwan sha na kogi ne, ku tafi da naku. Ƙudaje akwai su saboda bandar. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, ba zancen taransifa, ku riƙe tsabar kuɗi. Wanda ya fi damuna shi ne jirgin da ya kai mu, ko rigar kariya ɗaya babu, ga lodin buhuna ga mutane, ni kuwa hatsarin jirgin Wara na 2021 da ya ci mutane masu yawa ne ya yi ta faɗo min a rai har muka sauka. Dan Allah duk mai zuwa ya nemi rigar tun daga gari, kuma kar ya yarda ya shiga jirgin da aka cika, ya dawo kafin la'asar iska bata taso ba.

Inna ta ce in na koma in yi sammako, in an dace da giwan ruwa za ta gasa min kan garwashi da yajin ƙuli. Na riga na gaya wa yaya sari na gaba da ni za a je.