Street View da Google Maps: me za su nuna maka game da titi kafin ka kama haya?

Mai neman gidan haya ko masauki a garin da bai sani ba, ɗaki yake zuba wa ido, ya manta da titin da ɗakin yake. Alhali ɗaki ana yi masa fenti, ana sauya masa ƙofa, titi kuwa yadda ka same shi haka za ka zauna da shi. A nan Street View, wato hotunan tituna da kyamarar mota ta ɗauka waɗanda kake kallo kamar kana tsaye a wurin, yake da rana. Kamfanin Google ya fara shi a watan Mayun 2007 da birane biyar na Amurka, yau ya kai ƙasashe da yankuna sama da 100, kuma kyauta ne a cikin Google Maps. Wajen nuna ƙirar titi, wato faɗinsa, magudanansa da irin shagunan da ke bakinsa, samun kamarsa sai an tona. Wajen nuna yadda zama a titin yake kuwa, rabin labari yake bayarwa, kuma rabin mai daɗin.

A kwamfuta, ɗan mutum-mutumin nan ruwan ɗorawa da ke kusurwar ƙasa ta dama za ka ja, ka ajiye shi a kan titin da kake so. A waya, alamar sauya nau'in taswira za ka danna, ka zaɓi Street View. Titin da ya koma shuɗi an bi shi da kyamara. Ɗigon shuɗi kuwa hoto ne guda da wani ya ɗora, ba a tafiya a cikinsa.

Kafin ka kalli komai, duba wata da shekarar da aka ɗauki hoton, suna nan rubuce a gefen allo. Masu amfani da shi da yawa a nan suke faɗawa rami. Babban titi kan samu sabon hoto a kai a kai, lungun da ke bayansa kuwa sai ya yi shekaru ba a koma ba, har kana karya kwana ka ga shekarar ta ja da baya. Filin da kake gani fayau, wataƙila an daɗe da tsayar da bene a kansa. Tun 2014 aka ƙara damar duba tsofaffin hotunan wuri ɗaya, ta iso waya a 2022, kuma a ganina ta fi komai amfani a manhajar. Jera hotunan shekaru uku ko huɗu. Idan shagunan titi suna sauya suna duk zuwan kyamara, ko allunan neman ɗan haya suna ƙaruwa, kasuwar wurin ba ta zauna ba. Idan ramin da ke tsakiyar kwalta yana nan a hoton farko da na ƙarshe, ka san irin kulawar da hukuma take yi wa unguwar.

Babban titi ya fi kowanne yin kyau a hoto, kuma ya fi kowanne yaudarar mai kallo. Ga baƙon kwana biyu ba laifi: abin hawa a bakin ƙofa, fitilu, jama'a har dare. Ga mazauni kuwa, ƙara ce matsalar, ita kuma hoto ba ya ɗauke da ita. Gani bai kori ji ba a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa Turai a 2018, ta ba da shawarar kada ƙarar motoci ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 53 a matsakaicin yini, 45 da dare. Titi mai cunkoso yana zarce haka nesa ba kusa ba. Matsawa kaɗan ba ya magani: ninka nisanka daga titin sau biyu, abin da zai ragu bai wuce desibel 3 ba, alhali sai an rage kusan 10 kunne yake jin ƙarar ta koma rabi. Gini ne yake tare ƙara. Don haka ɗakin da tagarsa ke kallon baya ya fi na hawa na uku mai kallon titi. Ka kuma lura da danja, tudun rage gudu da hawa, domin a wuraren ne manyan motoci suke taka birki su sake ba da wuta.

Launukan cunkoso da Google Maps ke shafa wa tituna ma ana yi musu gurguwar fahimta. Kore, ruwan lemo da ja saurin tafiya suke nunawa, wanda ake lissafawa daga wayoyin da ke cikin motoci, ba yawan motocin ba. Kore albishir ne ga direba. Ga mai ƙananan yara, kore a ƙofar gida yana nufin motoci na sheƙa gudu. A kwamfuta ana iya sauyawa daga cunkoson yanzu zuwa wanda aka saba gani, a zaɓi rana da sa'a. Gwada safiyar ranar aiki da kuma yamma. Idan babban titi ya yi ja, kuma akwai ƙaramin layi da ya haɗa shi da wani babban titin, to wannan layin ne direbobi suke ratsewa, kome shirun da ya nuna a hoto.

Titin kasuwanci sai an karanta allunansa ɗaya bayan ɗaya. Kantin magani, wurin aski da shagon kayan masarufi maƙwabta ne masu sauƙin zama. Gidan biki, wurin walda, garejin gyaran mota da wurin shaƙatawar dare labarinsu daban. Danna sunan wurin, sau da yawa za ka ga jadawalin sa'o'in da ya fi cika. Wanda jadawalinsa ke tashi ƙarfe 11 na dare ya gama ba ka amsa.

Layin da ba ya ɓullewa ya fi shiru, yara ma sun fi sakewa a cikinsa, sai dai a auna faɗinsa. A hoton tauraron ɗan Adam akwai abin auna nisa. Ƙaramar mota takan kai kusan mita 1.8 a faɗi, saboda haka layi mai mita 5, da zarar an ajiye motoci a gefe ɗaya, mota ɗaya ce kawai za ta wuce, ta kwasar shara ko ta kashe gobara kuwa sai da dabara. Kada a yarda da ido a nan. Kyamarar tana saman mota, sama da tsayin mutum, gilashinta kuma yana buɗa wuri, sai lungu ya zama kamar fili. Da abin awon nan za ka san nisan tasha ko makaranta: mai tafiya a ƙasa yana cin kusan mita 400 cikin minti biyar.

Ruwa shi ne babban abin da Street View yake ɓoyewa, domin galibi da rana ake ɗauka, lokacin da gari ya yi garau. Amma ambaliya takan bar shaida. Matso da hoton kusa da gindin katanga ka nemi zanen da ruwa ya bari. Duba ko an ɗaga dokin ƙofar gidaje fiye da kima, ko shara da yashi sun cike kwalbati, ko layin ya gangaro daga babban titi. Google Earth, wata manhajar taswira ta Google, yana nuna tsayin ƙasa a duk inda ka ɗora kibiya. Ba ya cika daidai, amma ya isa ya nuna maka wane ƙarshen layi ne kwari. Alamar nuna alƙibla da ke gefen allon Street View, jan bakinta arewa yake nunawa, da ita za ka gane tagar da ke kallon yamma, wadda za ta sha ranar la'asar.

Inda manhajar ta gaza ƙwarai shi ne rashin adalcin rabo. Tsakiyar gari da unguwannin masu hali sun sha hoto, unguwannin gefe, inda haya ta fi araha kuma mai nema ya fi buƙatar gani, sau da yawa ko layin shuɗi babu. A irin wannan hali a leƙa Mapillary, inda jama'a ke ɗora nasu hotunan, ko Look Around na Apple a biranen da ya kai. Gidan da ka ga an dusashe shi kuma ba alamar matsala ba ne. Mai shi ko mazauninsa ne ya nema, kuma in an yi ba a warwarewa. A Jamus kaɗai gidaje sama da 240,000 suka nemi haka a 2010.

Dare, wari, halin maƙwabta, da ko fitilun da ke tsaye a bakin titi suna kamawa, duk babu su a ciki. Mai niyyar zama ya tace da Street View, ya rage titunan zuwa biyu ko uku, sannan ya taka da ƙafarsa da sassafe, da bayan faɗuwar rana, da kuma bayan an ɗauke ruwan sama in ya samu dama. Baƙo kuwa ya ɗauki hoton allon ƙofar masaukinsa da kwanar da ake shiga tun yana da intanet, domin taswirar da ake saukewa a waya ba ta zuwa da Street View.