Lemun kwali, matsattsen lemu, ko ruwa da madara: wanne ya dace da yaron da aka yaye?

Wata 'yar uwa daga Unguwar Rimi ta yi tambaya a kan ɗanta mai wata 20 da aka yaye kwanan nan. Ta ce ba ya shan ruwa sai da rarrashi, amma da ya hango lemun kwali sai ya miƙo hannu, kuma kakarsa tana ganin babu laifi tunda ruwan 'ya'yan itace ne. Tana so ta san wanne ya fi tsakanin na kwali da wanda ake matsewa a gida, da kuma ko ɗayansu zai iya tsayawa a matsayin ruwa ko madara.

'Yar uwa, amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a. Abin shan yaron da ya wuce shekara ɗaya shi ne ruwa mai tsabta da madara, sai kuma nonon uwa ga wanda ba a yaye ba, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da bayarwa har shekara biyu ko fiye. Lemu kowane iri ƙari ne, kuma yaron da bai sha ba bai rasa komai ba muddin yana cin 'ya'yan itacen.

Na kwali dai iri biyu ne, ko da yake a kanti tare ake jera su kuma duk da hoton lemu ko tuffa a jiki. Akwai wanda aka rubuta masa kashi 100 cikin 100, wato ba a ƙara masa sukari ba, akwai kuma wanda idan kika juya bayan kwalin za ki ga ruwa da sukari ne a farkon jerin kayan haɗi, ruwan 'ya'yan itacen kuwa ɗan kaɗan ne. Ƙa'ida ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, don haka layin farko ya isa ya gaya miki gaskiya. Wannan na biyun, wanda shi ne aka fi sayar wa yara a ƙananan kwalaye masu tsinke, bai da wani bambanci na a zo a gani da lemun kwalba. Lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da ke jikinsa shaida ce ta rajista kawai, ba ta nufin ya dace da yaro ƙarami.

Wanda kika matse da hannunki ya fi waɗannan, domin kin san abin da ke ciki kuma yana da bitamin C. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, saboda suna ɗauka cewa sukarin da ba a zuba da cokali ba ba sukari ba ne. Rabin kofi na ruwan lemun zaƙi, wato mililita 120, yana ɗauke da sukari kimanin giram 10, ƙaramin cokali biyu da rabi ke nan, kuma a jagorar da ta fitar a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sukarin ruwan 'ya'yan itace a sahu ɗaya da na zuma da na sukarin shayi a cikin abin da ake so a rage. Kafin ki cika wannan rabin kofin sai kin matse lemu kusan biyu, sannan naman lemun da zare-zarensa, waɗanda su ne ke ƙosar da ciki su kuma hana bayan gida tauri, sun tsaya a rariya an zubar. Yaro mai wata 20 da ƙyar zai cinye lemu guda idan an ɓare masa, amma zai shanye ruwan guda biyu a tsaye ya nemi ƙari. A ganina, kwatancin da ya fi amfani ba tsakanin kwali da matsewa yake ba, tsakanin kofi ne da yankan 'ya'yan itace, kuma yankan ne ya yi nasara. Gwanda da ayaba da kankana ba sa yankewa a Kaduna, ga mangwaro idan zafi ya shigo. A wanke, a cire ƙwallo, a yanka ƙanana yadda ba za su shaƙe shi ba.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2017: kada a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ruwan 'ya'yan itace, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce mililita 120 a yini. Wannan iyaka ce, ba wajibi ba. Idan za ki ba shi, ki zuba a kofi lokacin cin abinci. Kada ki zuba a fida ya riƙa yawo da ita yana tsotsa, ko ya kwanta da ita a baki, domin daɗewar zaƙin a kan haƙori ita ce ke cinye haƙoran gaba na sama su yi baƙi. Tunda ya riga ya saba, ki riƙa sirka masa da ruwa, kina ƙara ruwan a hankali har ɗanɗanon ya koma kusan babu, kuma a daina ajiye kwalin inda idonsa zai kai.

Madara kuwa tana ba shi abin da lemu ba shi da shi, wato kalsiyam na ƙashi da abin gina jiki da kitse. Kofi biyu a yini, kusan rabin lita, sun wadatar, kuma kafin shekara biyu mai cikakken kitse ake so. Idan ta yi yawa sai ta cika masa ciki ya ƙi wake da ƙwai da nama, daga nan ƙarancin jini ya biyo baya. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi ba ta cikin lissafi. Nonon shanu da kindirmo suna da kyau idan an tabbatar an tafasa madarar kafin ta yi tsami, saboda ɗanyen nono yana iya ɗaukar cututtukan dabbobi, har da tarin fuka na shanu.

Zoɓo da kunun aya na kan hanya matsalarsu biyu ce, yawan sukari da rashin sanin ruwan da aka haɗa su da shi. Kunun gyaɗa ko koko na gida abinci ne, a rage masa sukari a ba shi da cokali. Shayi kuma, wanda gidaje da yawa ke tsoma wa yaro burodi a ciki kowace safiya, yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Ruwan sha idan na rijiya ne ko na 'yan ga-ruwa a tafasa shi a rufe.

Ki kuma lura da bayan gidansa. Yawan shan ruwan 'ya'yan itace, musamman na tuffa, yana sa wasu yara zawo mai daɗewa, wanda sau da yawa ake ɗora wa fitar haƙori. Idan zawo ya kama shi kada a ba shi lemu da niyyar mayar masa da ruwan jiki, domin yawan sukarin yana janyo ruwa zuwa hanji ya ƙara tsananta abin. A haɗa masa ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, yadda aka rubuta a jikin ledar, a ba shi ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi abinci, idan kuma idanunsa sun faɗa ko fitsarinsa ya ragu ko an ga jini a bayan gida a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.